Sharon: Yadda ake gane ɗan ƙwaron da ke cinye gonakin tumatir tun kafin ya yi ɓarna

A watan Mayun 2016 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Kwamishinan aikin gona na jihar a lokacin, Manzo Daniel Maigari, ya ce kusan kashi 80 cikin 100 na gonakin tumatir na jihar sun lalace, kuma manoma sama da 200 sun tafka asarar da ta haura Naira biliyan ɗaya.

A Kano ma, kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa, wanda bai fi watanni biyu da fara aiki ba, ya dakatar da injinansa saboda babu tumatirin da zai niƙa. Farashin kwando ya ninka sau da yawa a kasuwanni, har tumatirin gwangwani da busasshe suka maye gurbin ɗanye a tukwanen gidaje da dama.

Jaridu sun laƙaba wa annobar suna "Ebolar tumatir", manoma kuma suna ce mata "Sharon". Masana kimiyya sun fi saninta da Tuta absoluta.

Shekaru sun shuɗe, sunan ya zauna a bakin jama'a, annobar ma ta sake dawowa, kamar yadda aka gani a Kano a 2023. Sai dai har yau mutane ƙalilan ne za su iya nuna mai wannan aika-aika idan suka gan shi zaune a kan ganye. Da yawa suna ɗauka wata cuta ce da iska ke kawowa. Alhali ƙwaro ne mai fukafukai, daga cikin ƙananan dangin malam-buɗe-littafi masu yawon dare, kuma yana da kamannin da ake gane shi da su.

Sanin waɗannan kamanni ba ƙaramin abu ba ne ga manomi, domin duk lokacin da gona ta yi kamar an cinna mata wuta, ƙwaron ya riga ya kwashe makonni a cikinta.

Tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba

Babban ƙwaron, wato wanda ya kai matakin tashi, tsawonsa milimita 6 zuwa 7 ne, kwatankwacin ƙwayar shinkafa. Idan ya buɗe fukafukansa duka biyu, faɗinsu bai wuce milimita 10 ba.

Launinsa toka-toka ne mai ɗan ƙyalli kamar azurfa, da sirkin ruwan ƙasa. A kan fukafukan gaba akwai ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe. Fukafukan baya sirara ne, gefensu kewaye da dogon gashi mai laushi kamar geza.

Idan ya sauka a kan ganye ba ya baza fukafukai kamar malam-buɗe-littafin da yara ke bi da rana. Yakan naɗe su a jikinsa, ya zama siriri kamar ɗan guntun tsinke ko ƙaiƙayi. Shi ya sa ido kan wuce shi.

A kansa akwai ƙahoni biyu dogaye, sirara kamar zare, waɗanda yake sansano abubuwa da su. Wanda ya duba su da gilashin ƙara girma zai ga suna da zobe-zobe, baƙi na bin fari har ƙarshe. A gaban bakinsa kuma akwai wasu 'yan ƙahoni biyu gajeru da suka lanƙwasa sama kamar lauje. Wannan lanƙwasa alama ce ta dangin da ya fito, waɗanda masana ke kira Gelechiidae.

Da rana yakan ɓuya a ƙarƙashin ganye. Da almuru da kuma wajen asuba ne ya fi kai-komo. Hanya mai sauƙi ta ganinsa ita ce a girgiza shukar da hannu. Idan yana nan, zai yi ɗan gajeren tashi, ya faɗa cikin wata shukar da ke kusa.

Shi kansa wannan mai fukafukan ba ya cin ganye ko 'ya'yan tumatir. Aikinsa saduwa da zuba ƙwai. 'Ya'yansa ne ke ɓarnar.

Daga ƙwai zuwa tsutsa

Mace ɗaya tana iya yin ƙwai har 260 a ɗan gajeren zamanta. Ba ta tara su wuri ɗaya kamar yadda tsutsar masara ke yi. Takan ajiye su ɗaya bayan ɗaya, galibi a kan sababbin ganyayen da ke saman shuka, wasu a jikin kara, kaɗan kuma a kan koren ganyen da ke rufe kan ɗan tumatir.

Ƙwan bai kai rabin milimita ba. Fari ne mai ɗan ruwan madara, sannan ya koma rawaya, ya yi duhu idan ya kusa ƙyanƙyashewa. Cikin kwana huɗu zuwa shida tsutsa ke fitowa.

Sabuwar tsutsar ba ta cika milimita ɗaya ba, fara ce mai baƙin kai. Ba ta daɗewa a fili. Takan huda fatar ganye ta shige ciki, ta zauna tsakanin fatar sama da ta ƙasa tana cin koren naman da ke tsakani.

Tana bin matakai huɗu na girma. Tana ci tana komawa koriya, idan ta kusa gamawa kuma bayanta yakan yi ja-ja kamar ruwan hoda. A lokacin tsawonta ya kai milimita 7 zuwa 8.

Babbar alamar da masana ke dubawa a jikin tsutsar tana bayan kanta ne. Akwai wani ɗan faifai mai haske a wuyanta, a gefensa na baya kuma akwai siririn layi baƙi, kamar an ja shi da alƙalami. Ƙaramin gilashin ƙara girma ya isa ya nuna shi. Kyamarar wayar hannu mai kyau ma takan iya, idan aka ɗora tsutsar a kan farar takarda cikin haske.

Idan ta ƙoshi, sau da yawa takan sauko ƙasa ta kan wani siririn zare da take saƙawa, ta shige cikin turɓaya ta kwanta a cikin kwanso. Wasu kan kwanta a cikin ganyen da suka ci ko a naɗin busasshen ganye. Bayan kamar kwana goma sai sabon ƙwaro mai fukafukai ya fito.

Sawun da take bari

Tun da ƙwaron ƙarami ne kuma tsutsar a ɓoye take, abin da manomi zai fara gani shi ne sawunta.

A ganye, alamar wani tabo ne mai faɗi, fari-fari ko ruwan toka, wanda ba shi da tsayayyen fasali. Wurin yakan zama shara-shara kamar leda, domin an cinye ciki an bar fata. Idan aka ɗaga ganyen aka kalle shi ta fuskar rana, ana iya ganin tsutsar a ciki, tare da baƙin kashinta da ta tara a gefe guda. Daga baya tabon ya bushe ya koma ruwan ƙasa. Idan tabo ya haɗu da tabo, ganyen ya mutu, shi ne gonar ke zama kamar wuta ta bi ta kanta.

A kan shuka, tsutsar kan huda toho da kara mai taushi, sai kan ya lanƙwashe ya bushe. Ɗan tarin baƙin gari a inda ganye ya haɗu da kara alama ce cewa tana ciki.

A jikin 'ya'yan kuwa, ramukan ƙanana ne kamar hujin allura, kuma sun fi yawa a kusa da kan tumatirin, ƙarƙashin koren ganyen nan mai kama da hula. Duk mai duba gona da bai ɗaga wannan hular ba zai iya wuce tumatirin da tsutsa ke ciki. Ta waɗannan ramuka ne ƙwayoyin ruɓa ke shiga, har kwando ya lalace a hanya kafin ya isa Legas ko Fatakwal.

Sunan "Ebola" da aka ba annobar saboda saurin ɓarnarta ne kawai. Ba ta da wata alaƙa da cutar Ebola, kuma ƙwaron ba ya sa wa ɗan Adam cuta.

Masu kama da shi

Ba duk farin tabo a ganyen tumatir ne Sharon ba. Akwai ƙwari uku da ake yawan rikita su da shi, kuma kuskuren yana jawo sayen maganin da bai dace ba.

Na farko wani ɗan ƙuda ne da masana ke kira Liriomyza, wanda shi ma tsutsarsa ke cin cikin ganye. Bambancin a fili yake. Sawun ƙudan siriri ne, yana murɗewa kamar hanyar maciji a kan yashi, kashinsa kuma a jere yake kamar zare a tsawon hanyar. Tsutsarsa rawaya ce, ba ta da ƙafafu, ba a kuma ganin kanta. Sannan ba ta shiga cikin 'ya'yan tumatir. Ta Sharon tana da kai da ƙafafu, sawunta kuma faffaɗan tabo ne.

Na biyu ita ce babbar tsutsar da manoma suka daɗe da sani, mai huda tumatir da auduga da masara, wadda ake kira Helicoverpa armigera. Ita tana kai santimita 3 zuwa 4, ramin da take yi babba ne zagayayye, sau da yawa ma akan same ta rabin jiki a ciki rabi a waje. Uwarta ma babba ce, faɗin fukafukanta ya kusa santimita 4.

Na uku shi ne mai wuyar rabewa, wato ƙwaron dankalin Turawa, Phthorimaea operculella. Ɗan uwan Sharon ne na kusa, launinsu kusan ɗaya, sai dai ya ɗan fi shi girma. A nan ne faifan wuyan tsutsa ke amfani. Na tsutsar dankali baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu gaba ɗayansa, na Sharon kuwa mai haske ne da siririn layi kawai. Tsutsar dankali ta shahara da shiga cikin dankalin kansa, a gona da ma'ajiya, yayin da Sharon ya fi tsayawa a ganye idan ya faɗa gonar dankali.

Idan ana son tabbacin da babu shakka a cikinsa, musamman a wurin da ba a taɓa ganin ƙwaron ba, masana kan kai shi ɗakin bincike su duba al'aurar namijin da madubin ƙara girma, ko su gwada ƙwayoyin halittarsa.

Daga tsaunukan Peru zuwa Kadawa

Sharon baƙo ne a Afirka. Asalinsa Kudancin Amurka ne, yankin da shi kansa tumatir ya fito.

Wanda ya fara rubuta bayaninsa wani Bature ne ɗan Ingila mai suna Edward Meyrick, malamin makaranta da ya shafe rayuwarsa yana nazarin ƙananan ƙwari irin waɗannan, har ya raɗa wa dubbansu suna. A 1917 ya bayyana shi daga samfurin da aka kamo a Huancayo, wani gari da ke kan tsaunukan Andes a ƙasar Peru, ya sa masa suna Phthorimaea absoluta.

An yi ta sauya masa suna bayan haka, har aka tsaya a kan Tuta absoluta a 1994. A 2021 wasu masana suka sake nazarin danginsa suka mayar da shi sunansa na farko. Don haka wanda ya ga sunayen biyu a takardun malaman gona ko a jikin kwalbar magani, ƙwaro ɗaya ake nufi.

Shekaru da dama bayan gano shi, in ban da masu tara ƙwari babu wanda ya damu da shi. Daga shekarun 1960 ne ya fara zama babbar matsala ga manoman tumatir a ƙasashen Kudancin Amurka.

A ƙarshen 2006 aka gan shi a gabashin Sifaniya, karo na farko a wajen nahiyarsa. Zuwa 2008 ya shiga Maroko da Aljeriya. An tabbatar da shi a Senegal a 2012, a Nijar a 2013, a Najeriya kuma a 2015. Ta gabas ya isa Indiya a 2014, ya shiga China a 2017.

Ba fukafukansa kaɗai suka kai shi wannan nisa ba. Fatauci ne ya fi ɗaukarsa: tumatir mai tsutsa a ciki, dashen da ke ɗauke da ƙwai, da kwanduna da akwatunan da tsutsa ta kwanta a lungunansu. Kwandon da ya je kasuwa ya dawo gona ba tare da an kakkaɓe shi an shanya ba, yana iya dawowa da baƙo.

Ba tumatir kaɗai yake rayuwa a kai ba. Yana kama dankalin Turawa da yalo da taba, da wasu ciyayi na danginsu kamar zaƙami da gautan kaji. A kansu yake fakewa idan babu tumatir a gona.

Abin da zafi ke yi

Saurin hayayyafarsa ya danganta da yanayi. Gwaje-gwaje sun nuna cewa a ma'aunin zafi 14 yakan ɗauki kimanin kwana 76 daga ƙwai zuwa mai fukafukai. A ma'auni 20 kwana 40 ne. A ma'auni 27 kuwa kwana 24 kacal. Inda abinci bai yanke masa ba, yana iya yin zuriya 10 zuwa 12 a shekara.

Wannan ya yi daidai da abin da masu noman rani ke gani. A sanyin hunturu ƙwaron yana nan amma a hankali yake tafiya, tabo ɗaya nan ɗaya can. Da zafi ya fara shigowa daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris da Afrilu, sai zuriya ta riƙa bin zuriya cikin ƙasa da wata guda.

Lissafin ba shi da wuya. Idan rabin ƙwai 260 na mace ɗaya suka zama mata, kowacce kuma ta yi irin nata, jikokinta za su haura 33,000. A zahiri da yawa suna mutuwa a hanya, amma ko kaɗan daga ciki ne suka tsira sun ishi gona. Inda ba a ɗauki mataki ba, asarar kan kai kashi 80 zuwa 100 cikin 100.

Ke nan annobar da ake cewa ta faɗo dare ɗaya a watan Afrilu, tun Janairu ko Fabrairu take aiko da saƙo.

Tarkon da ke kama maza

Hanya mafi inganci ta sanin ƙwaron ya iso ita ce tarko. Macen Sharon tana fitar da wani sinadari mai ƙamshi da namiji ke bi daga nesa. Masana sun gano shi, kamfanoni kuma suna haɗa irinsa a cikin wani ɗan roba.

Akan rataye robar a cikin ɗan akwati mai kusurwa uku da ke da takarda mai danƙo, ko a saman roba mai faɗi da aka zuba wa ruwa da ɗan sabulu ko mai. Mazan su zo neman mace su maƙale ko su nutse. Ƙamshin yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin a sauya.

Tarko biyu zuwa huɗu a hekta sun isa sa ido. Abin da ake so shi ne a kafa su tun a wurin rainon iri, ko makonni biyu kafin dashe, a riƙa ƙirga abin da suka kama kowane mako. Ranar da adadin ya fara hawa, ranar ce ta shiga gona a duba ganye. Idan kuma ana son rage yawan ƙwaron ne da tarkon kansa, sai an kafa gommai a hekta guda.

Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Ibadan, NIHORT, ta ƙirƙiro wani tarko na faranti mai ruwa da fitila, wanda ke amfani da son haske da ƙwaron ke yi da dare. Amfanin tarkon haske shi ne yana kama har da mata, sai dai yana jawo wasu ƙwarin ma, don haka mai shi yana buƙatar sanin kamannin Sharon kafin ya iya ƙirgawa.

Dalilin da feshi ke gazawa

Kukan da aka fi ji daga manoma a 2016 shi ne sun yi feshi har sun gaji, tsutsar ba ta mutu ba. Dalilai biyu ne.

Na farko, tsutsar tana cikin ganye ko cikin tumatir, maganin da ke kashewa ta hanyar taɓa jiki ba ya isa gare ta. Lokacin da ta fi rauni shi ne tana ƙwai, ko sa'ad da ta fito ba ta riga ta shige ba.

Na biyu, ƙwaron yana saurin sabawa da magani. Tun a Kudancin Amurka ya daina jin tsofaffin magunguna da dama, a Italiya kuma an tabbatar ya fara bijire wa wasu sababbin. Duk manomin da ke maimaita magani iri ɗaya, yana kashe masu rauni ne yana barin masu taurin kai su hayayyafa. Sauya sunan kwalba ba ya wadatarwa idan sinadarin da ke ciki ɗaya ne, shi ya sa malaman gona ke cewa a duba sunan sinadarin, a riƙa sauya rukuni.

Yawan feshi yana kuma kashe abokan manomi. Akwai wani ɗan koren ƙwaro, Nesidiocoris tenuis, da ke tsotse ƙwan Sharon, wanda manoman Sifaniya suka dogara da shi sosai a gonakinsu na rumfa. A Kenya, cibiyar binciken ƙwari ta icipe ta kawo wani ɗan ƙaramin zanzaro daga Peru mai zuba ƙwai a jikin tsutsar, ta sake shi a gonaki a 2020.

Sauran matakan ba sa buƙatar kuɗi da yawa. A rufe wurin rainon iri da raga, a duba dashe kafin a saya. A tsinke ganyen da ya fara tabo da tumatirin da ya huje, a binne su da zurfi ko a ƙona, kada a zubar a bakin gona. Bayan girbi a tuge tsofaffin shukoki, a kafce ƙasa domin rana ta kashe masu kwance a ciki. A bi tumatir da albasa ko masara ko wake, a cire zaƙami da gautan kaji daga kan iyaka. Magungunan da ake haɗawa daga darbejiya da na ƙwayar Bt suna aiki a kan ƙananan tsutsotsi idan an fara da wuri. Wanda ya yi feshi kuma ya jira kwanakin da aka rubuta a kwalba kafin ya tsinka, saboda lafiyar masu ci.

A wurare irin su Kadawa da Kura, inda gona ke jingine da gona, ƙoƙarin mutum ɗaya ba ya isa. Tsohuwar gonar da aka gama girbe aka bari a tsaye ita ce ke raino wa maƙwabta ƙwaron.

Masana ba sa sa ran za a kawar da Sharon daga Afirka. Ya zauna, kamar yadda ya zauna a Turai da Asiya. Abin da ya rage a hannun manomi shi ne lokacin da zai gan shi: ko a watan Janairu, yana ɗan toka-toka a cikin ruwan tarko da farin tabo a ganye biyu ko uku, ko kuma a watan Afrilu bayan gonar ta bushe.